Kwana goma sha biyu a dajin Ukayali: abin da na biya da abin da na samu

Takardar shaidar tana nan cikin jakata tun ranar da aka ba ni ita. An rubuta sunana da ruwan zinare, an zana damisa a kusurwa, an ce na kammala "matakin farko na almajirancin masu maganin daji". Kwana goma sha biyu na yi. Tsohuwar da aka ce ita ce malamata ta fara wannan sana'a tun ba a haife ni ba, kuma da aka miƙa mata takardar don ta sa hannu, sai ta jujjuya ta, ta tambayi jikanta ko rasit ne.

Sana'ata harhaɗa magunguna, kuma ina koyar da ɗalibai darasin magungunan da ake samu daga tsirrai. Wani taro ne ya kai ni Lima, babban birnin Peru, sai na ga ina da sauran hutu. Na daɗe ina karanta labarin ayawaska a takarda, wato wani abin sha mai gusar da hankali da masu maganin dajin Amazon ke dafawa daga tsirrai, ina zana wa ɗalibai sinadaranta a allo, ban taɓa ganin ko ganyenta ba. Gani ya kori ji. Na nemi wani sansani a yankin Ukayali, cikin dajin Amazon na gabashin Peru, da ke tallar cewa zai koya wa baƙo ilimin masu magani na ƙabilar Shipibo daga tushe. Kuɗinsu dala 1,650, rabi kafin alƙalami. Na rubuta musu a fili cewa addinina bai ba ni damar shan abin da ke gusar da hankali ba, ni tsirrai nake son gani da yadda ake sarrafa su, ina kuma son in zauna da masu abin in yi tambaya. Cikin sa'a guda suka amsa cewa babu matsala. Da na tambaya ko za a rage mini wani abu tunda ba zan sha ba, har yau ina jiran amsa.

Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin akwai abubuwan da zan faɗa masu nauyi, kuma irinsa suna da yawa daga garin Pukalpa, babban birnin Ukayali, har garin Ikitos.

Ta fuskar tarba ba ni da ƙorafi. Jirgi daga Lima zuwa Pukalpa kamar sa'a ɗaya ne, kana fita zafi da laima su rufe ka kamar an jefa maka jiƙaƙƙen bargo. Na tarar da mutuminsu yana jira da sunana a kwali. Babur mai ƙafa uku ya kai mu bakin tafkin Yarinakoca, daga nan muka shiga kwalekwale mai inji wanda suke kira peke-peke saboda ƙarar da yake yi, sannan tafiyar ƙasa ta kusan rabin sa'a cikin taɓo. Kowa da bukkarsa ta katako a kan dirkoki, nesa da ta ɗan'uwansa, da katifa da gidan sauro marar huda ko ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a dajin Amazon. Ruwan sha tacacce ne, bayan gida a tsaftace, wutar sola a kicin kawai. Mu tara ne baƙi, yawanci daga Turai da Amurka.

Abin da na fara lura da shi, kalmar "shaman" da ta cika shafinsu na intanet babu mai faɗinta a wurin sai manajan, wani Bature da ya shekara bakwai a ƙasar. Kalmar ma asalinta daga Saiberiya take, daga harshen mutanen Ebenki, masana ne suka ɗauko ta suka yafa wa kowane mai magani a duniya. Shipibo suna cewa onanya, wato wanda ya sani. Tsohuwar kuwa kowa Maestra yake ce mata da Sifaniyanci, malama ke nan, ni ma haka na bi. Gajeriya ce, baƙin gashi har gadon baya, ba ta da fara'ar talla. Ko sunan ayawaska ba nasu ba ne, na harshen Kecuwa ne: aya kurwa ko mamaci, waska igiya. Su oni suke cewa.

Rana ta uku, ranar da aka dafa ayawaska, ita ce ranar da kwalliya ta biya kuɗin sabulu a wajena. Tun asuba aka sassaro kurangar da masana ke kira Banisteriopsis caapi, mai kaurin damtse, a murɗe kamar igiyar jan jirgi. Aka kankare bayanta, aka daddake ta da gudumar katako har ta zama zare-zare. Aka shimfiɗa ta a babbar tukunya, a bi da ganyen wani tsiro mai suna cakruna, a sake shimfiɗa kuranga, haka har tukunya ta cika, aka zuba ruwa aka hura wuta. Wuni guda ana tafasawa, ana tsiyayewa, ana ƙara ruwa, daga ƙarshe aka haɗa ruwan duka aka ƙone shi har ya koma kamar baƙin kunu. Ɗan Maestra ne ke kula da wutar, yana busa wa tukunyar hayaƙin mapaco, wata baƙar taba mai ƙarfin gaske.

Ina zaune kan kututture ina kallon abin da nake zanawa a allo yana faruwa a gabana. Ganyen cakruna na ɗauke da sinadarin DMT, wanda shi ke kawo gane-gane. Amma in mutum ya haɗiye shi shi kaɗai ba zai ji komai ba, domin akwai wani sinadari a hanji da hanta, MAO, da ke wargaza shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ita kurangar tana ɗauke da harmin da harmalin, waɗanda ke ɗaure hannun MAO na ɗan lokaci, sai DMT ya samu hanya. A dajin da ke da dubban nau'in tsirrai, mutanen da ba su da ɗakin gwaji suka gano cewa waɗannan biyun ne ke buƙatar juna. Masana kimiyya na Turai ba su tantance kurangar ba sai a farkon shekarun 1850, lokacin da masanin tsirrai na Ingila Richard Spruce ya gan ta a wajen mutanen Tukano a kogin Uwaupes. Na tambayi Maestra, ta bakin jikanta da ke yi mana tafinta, yadda kakanninta suka gano haɗin. Ta ce tsiron ne ya faɗa musu. Ba ta faɗe shi don ta burge ni ba, ta faɗe shi ne kamar mai ba da kwatancen hanyar kasuwa.

Daga wannan hirar na fahimci mene ne almajirancin a wajensu, kuma na gane cewa angulu aka sayar mana da kan zabo. A wajen Shipibo ba a koyon magani a aji. Ana shiga abin da suke kira sama, da Sifaniyanci diyeta. Mutum ya keɓe a bukka cikin daji, ya zaɓi tsiro ɗaya da izinin malaminsa, ya riƙa shan ruwansa. Ba gishiri, ba sukari, ba mai, ba barkono, ba giya, ba kusantar iyali, ba yawan magana. Wata uku, wata shida, wani shekara cur. A imaninsu kowane tsiro yana da mai shi, kuma idan ya ga ka jure yunwa da kaɗaici dominsa sai ya zo maka a mafarki ya ba ka waƙa. Waƙar ita ce maganin. Ka gama da wannan tsiro, ka huta, ka shiga wani. Maestra ta lissafa mini nata a yatsu har yatsun suka ƙare ta sake farawa. Ta ce na farko mahaifinta ne ya sa ta tana budurwa, ta yi ta kuka don kwaɗayin gishiri.

Na ce, "Maestra, to mu da muka zo na kwana goma sha biyu fa?"

Ta dube ni, ta ce wani abu gajere, jikan ya yi dariya kafin ya fassara. Wai mu baƙi ne da suka zo gaisuwa, kuma gaisuwa ba laifi ba ce.

Abincin kuwa na diyeta ne na gaskiya, a nan ba su yi ha'inci ba. Dafaffiyar koriyar ayaba, shinkafa fara fat, da gasasshen kifin kogi mai suna bokiciko, sau biyu a rana, ko ƙwayar gishiri babu. Kwana biyun farko na ci da marmari. A rana ta huɗu ina kallon kifin yana kallona.

Sau huɗu aka yi zaman dare na shan ayawaska. Ana yinsa a maloka, wata babbar rumfa mai zagaye da rufin ganye, katifu a jere a gefe, kowace da bokiti a gabanta saboda amai, wanda su a wajensu wankin ciki ne, ɓangare ne na maganin. Kafin zaman farko manajan ya ja ni gefe. Ya ce ya san abin da na rubuta, amma tunda na zo har nan, ko rabin kofi in gwada, wai tsoro ne ke magana da bakina. Na ce a'a. Ya sake dawowa bayan an kunna kyandir, a gaban mutane. Raina ya ɓaci, domin magana ce da muka gama tun ina Lima. Maestra ce ta raba gardamar. Da jikan ya gaya mata abin da ake ciki, sai ta ce a zamanin mahaifinta mai magani ne ke sha don ya ga ciwon, marar lafiya kwanciya kawai yake yi a yi masa waƙa. Wai baƙi ne suka zo da son kowa ya sha. Na san wannan daga karatu, amma jin sa daga bakinta, a gaban wanda ke matsa mini, ya yi mini daɗi ƙwarai. Aka ba ni kujera a bakin ƙofa.

An kashe kyandir. Kusan minti arba'in babu abin da ake ji sai kwaɗi da ƙwari. Sai wani ya fara nishi, wata ta jawo bokiti. Daga cikin duhun Maestra ta fara busa iska ta haƙora a hankali, kafin ta ɗauki waƙa. Ikaro suke ce wa waƙoƙin. Muryar da ta fito ba irin wadda take magana da ita da rana ba ce, siririya ce can sama kamar ta yarinya ƙarama, tana gudu tana lanƙwasa, sai ta faɗo ƙasa ta koma kauri. Tana ja da gindi daga katifa zuwa katifa, kowa da tasa waƙar, ta gama ta busa masa hayaƙi da turaren ruwa a tsakar ka. Sa'a huɗu tana yi, mace mai shekara saba'in da wani abu, ba ta ko kurɓi ruwa ba. Ni da ban sha komai ba, tsigar jikina ta tashi. Ba sai na yarda da abin da ta yarda da shi ba kafin in gane cewa ina gaban gwana.

Da safe ake zama kowa ya faɗi abin da ya gani. Zane-zane masu motsi, macizai, launukan da suka ce ba su da suna. Wani injiniya ya ce ya ji jikinsa ya narke har ya rasa inda shi ya ƙare da inda dare ya fara. Wata ta yi hira da mahaifiyarta da ta rasu, ta yi kuka mai yawa, ta ce ta samu sauƙi. Wani kuma bai ga komai ba sai amai da gudawa har asuba, yana ta tambaya ko an ba shi na jabu ne. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda manajan ke fassara wa kowa abin da ya gani cikin yaren masu ba da shawara kan damuwa, ciwon yarinta da son kai da sauransu, alhali da na tambayi jikan, ya ce kakarsa ba ta damu da abin da baƙi suka gani ba. Abin da ita ta gani a jikinsu shi ne aikin.

Yanzu ga maganar da ta sa ba zan iya cewa kowa ya je ba. A rana ta biyu, kafin zaman farko, wata baƙuwa ta ji cewa ni mai harhaɗa magunguna ne, ta zo ta nuna mini wani kwali tana tambaya ko kwana uku da ta yi ba ta sha ba sun isa. Fluoxetine ne, maganin ciwon damuwa. Gabana ya faɗi. Wannan magani yana daɗewa a jiki, shi ya sa likitoci ke jiran kusan mako biyar bayan an daina shi kafin a ba mutum duk wani abu mai toshe MAO. In aka haɗa, sinadarin serotonin, mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, na iya taruwa ya yi yawa, zazzaɓi mai tsanani, karkarwa, sanƙarewar jiki, har mutuwa. Ta ce ta rubuta shi a fom ɗin da aka aiko mana. Na je na sami manajan, ya buɗe kwamfuta, ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Ba wanda ya karanta. Ya ce ai za a ba ta kaɗan ne. Sai da na ce zan faɗa a gaban sauran baƙi sannan ya yarda ta zauna kusa da ni a bakin ƙofa. Kuɗinta kuwa bai mayar ba.

Daga nan na fara bincike irin na mai sana'a. Babu na'urar awon hawan jini a sansanin, alhali abin da ake sha yana ɗaga jini da bugun zuciya. Babu wanda aka tambaya baki da baki ko akwai taɓin hankali a danginsu. Asibiti mafi kusa yana Pukalpa, kuma peke-peke ba ya tafiya da dare sai dole. A bayan kicin na ga bishiyar towe da fararen furanninta masu kama da kakaki a rataye, 'yar'uwar zaƙami ce, mai ɗauke da sikofolamin. Na tambaya ko ana sa ta a tukunya, ɗan Maestra ya ce su ba sa sawa, amma ya san masu sawa don baƙo ya ga abin da ya biya kuɗi ya gani. Na yarda da shi domin a gabana aka dafa. Suna kuma tallar wankin ciki da ruwan taba a matsayin ƙari, na dala arba'in. A 2015 wani matashi ɗan New Zealand ya mutu a wani sansani kusa da Ikitos bayan ya sha irin wannan ruwan. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Manajan yana yawan cewa gwamnati ta amince da su. Abin da ya faru shi ne a 2008 Peru ta ayyana ilimin ayawaska da amfani da ita na gargajiya a matsayin gadon al'adun ƙasa, a 2016 kuma aka yi wa waƙoƙin ikaro na Shipibo irin wannan. Girmamawa ce ga masu abin, ba lasisin buɗe sansani ba ce, kuma takardar 2008 ɗin da kanta ta bambanta amfanin gargajiya da na kasuwanci. A yawancin ƙasashen duniya DMT haramtacce ne tun yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, don haka masu sayen kwalba su sa a jaka su san abin da suke ɗauka.

Darussan rana da aka yi alkawari, manajan ne ke bayarwa da allo da alli, rabinsu abubuwan da ya tsinto ne daga Indiya da Meziko ya gauraya. Na daina zuwa bayan na biyu, na koma bin ɗan Maestra cikin daji da adda. Shi ya nuna mini bobinsana mai jan fure kamar gashin tsuntsu a bakin ruwa, da aho saca mai warin tafarnuwa da ake wanka da ita, da cirik sanango da ke sa mai shan ta rawar sanyi. Wannan yawon ba ya cikin jadawali, kuma ya fi duk abin da ke cikin jadawalin. Ranar kasuwa matan gidan suka baje yadudduka masu zanen kene, aikin hannu mai kyau na ban mamaki. Wata ta ɗora yatsa kan layin zanen tana bi tana waƙa, aka ce mana kowane zane waƙa ce da ake karantawa. Na tambayi jikan a gefe, ya yi murmushi ya ce baƙi sun fi saye in an yi haka. Na sayi biyu duk da haka, sol 180 kowanne a kuɗin Peru, kuma a hannun mai ɗinkin na sa kuɗin.

Na yi hakan ne domin na riga na tambayi nawa ake biyan Maestra a kowane dare. Abin da aka gaya mini bai kai abin da mutum ɗaya cikinmu ya biya na kwana guda ba, mu kuwa tara ne. Jikan bai faɗe shi da ɗaci ba. Ya ce da kuɗin ake biya masa makaranta a Pukalpa. Amma ya ce tun abin da ya faru a watan Afrilun 2018 suke ɗari-ɗari da baƙi masu cewa sun zo koyo. A lokacin ne aka harbe Olivia Arévalo, wata sananniyar onanya mai shekara 81, a ƙofar gidanta kusa da Yarinakoca, mutanen ƙauyen suka kashe wani ɗan Kanada da ya zo neman ilimin tsirrai, wanda daga baya masu gabatar da ƙara suka ce shi ya yi harbin. Ya ce masu zuwa neman lafiya ba su da wahala. Masu zuwa neman a mayar da su malamai cikin wata guda, su ne abin tsoro.

Wani zai ce to ni da ban sha ba, me na gani? Wajen rana ta bakwai, ba waya, ba gishiri, ba hira sai kaɗan, na lura kunnena ya buɗe. Ƙarar dare da na ɗauka abu ɗaya ce ta rabu gida-gida, ina jin kwaɗo iri huɗu, ina sanin wanda zai amsa wa wani. Ina jin ƙanshin ruwan sama tun bai iso ba. Mafarkaina suka yi tsawo da haske har ina tashi in rasa ko na yi barci. Ina da bayanin wannan a ilimina: yunwa, kaɗaici, duhu na sa'a goma sha biyu, da ƙwaƙwalwar da aka daina yi wa hayaniya. Amma sai na yi lissafi, in mako ɗaya ya yi mini haka, wanda ya yi shekara a bukka shi kaɗai yana jiran tsiro ya yi masa magana, a wace irin duniya yake tashi da safe? A nan na daina yi wa amsar Maestra kallon tatsuniya, ko da yake ban karɓe ta ba.

Wanda ke son ganin tsirran Amazon da jin ikaro daga bakin masu shi, zai samu a irin wannan wuri, amma ya fi masa arha da mutunci ya nemi iyalin kai tsaye ya biya su. Wanda ke shan maganin damuwa, ko mai ciwon zuciya, ko mai tarihin taɓin hankali, kada ya dogara da fom, ba a karantawa. Mace kada ta yarda da zaman da za a keɓe ta ita kaɗai da wani da sunan magani. Wanda kuma ya biya don ya zama onanya, ya yi asarar kuɗinsa tun kafin ya hau jirgi.

A safiyar ƙarshe aka rufe mana diyeta. Maestra ta zo da ɗan ƙoƙo, gishiri da lemun tsami a ciki, ta lakata ta sa wa kowa a harshe, ta busa mana hayaƙi a tafin hannu, ni na ce a tsallake ni a hayaƙin, ta tsallake ba tare da ta ɓata rai ba. Gishirin ya bugi harshena har idona ya kawo ruwa. Na ce mata irake, na gode ke nan, ita kaɗai ce kalmar Shipibo da na iya faɗa daidai. Ta gyaɗa kai ta wuce wurin na gaba. Bayan nan ne manajan ya fito da takardun shaida a cikin leda, yana neman wanda ke da biro.